Tasirin Sinadaran Taki a Kan Ciyawar Kiwo: Nazari Daga Gwajin Park Grass Zuwa Filayen Kiwon Sahel da Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda naitirojin da fosfaras da fotashiyam suke shafar yawan ciyawar kiwo, da amfanin da take yi wa dabba, da kuma ƙasa da ruwa da iskar wurin da aka zuba su. An gina nazarin a kan gwajin Park Grass na Rothamsted a Ingila, wanda ake gudanarwa tun 1856, sannan aka gwada sakamakonsa da abin da aka gano a Mali da Arewacin Nijeriya. Nazarin ya nuna cewa bayan ƙara nauyin ciyawa, taki yakan zaɓi tsiron da zai mamaye fili da wanda zai ɓace, kuma wannan zaɓi ne ke yanke hukunci a kan ingancin abincin dabba. Maƙalar ta tsaya a kan cewa a filayen kiwonmu ya fi dacewa a fara da fosfaras domin tsirrai dangin wake, kafin a kai ga naitirojin domin ciyawa.

Gabatarwa

A taron ƙolin taki da aka yi a Abuja a 2006, shugabannin Afirka sun ƙuduri ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kimanin kilo 8 a kowace hekta zuwa kilo 50 kafin 2015. Gonar hatsi ce ke zukatan mahalarta taron, kuma har yau ɗan takin da manomi ya samu kan masara da shinkafa yake ƙarewa. Ciyawa kuwa ana ganin ta Allah ce, ba a shuka ta balle a yi mata taki. Sai dai burtali da hurumi suna ta ƙanƙancewa, an kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo a Nijeriya a 2024, kuma masu kiwon madara da masu turka sun fara shuka ciyawa a fili mai shinge. Duk wanda ya shuka ciyawa, ko ba jima ko ba daɗe zai tambayi wane taki zai zuba, buhu nawa, kuma yaushe. Amsar da ya fi saurin samu a kasuwa ita ce yuriya ko kamfa, domin su ya saba gani a gonar masara.

Manufar wannan nazari ita ce a duba ko wannan amsa ta dace da ciyawa. Bita ce ta ayyukan da aka riga aka wallafa, ba sabon gwaji a fili ba. An fifita gwaje-gwajen da suka daɗe ana yin su, saboda illar taki a kan ƙasa da tsirrai ba ta bayyana a damina ɗaya ko biyu. An yi amfani da ma'aunai uku: nauyin busasshiyar ciyawa a hekta, yawan furotin da ma'adinan da ke cikinta, da abin da ke zurarewa daga fili zuwa ruwa da iska.

Gwajin Park Grass

John Bennet Lawes, wanda ya yi rajistar hanyar sarrafa takin sufa a 1842, shi da masanin sinadarai Joseph Henry Gilbert suka fara wannan gwaji a 1856 a kan fili mai faɗin hekta 2.8 a Rothamsted, kusa da garin Harpenden. Filin ya shafe aƙalla shekara 100 yana ciyawa kafin su taɓa shi. Suka yanka shi fuloti-fuloti: wani ba a zuba masa komai, wani takin dabbobi, wani fosfaras da fotashiyam kawai, wani kuma a haɗa masa da naitirojin a matakin kilo 48 ko 96 ko 144 a hekta kowace shekara. Domin a gane girman matakin ƙarshe, buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, wato kilo 144 ya ɗara buhu shida. Naitirojin ɗin iri biyu ne, amoniyam salfet da sodiyam naitiret. Ana yankan ciyawar a watan Yuni a shanya ta zama ingirici, a sake yanka a kaka.

Abin da suka fita nema shi ne ƙarin ingirici, kuma sun samu. Fulotin da ke samun cikakken taki yana ba da ninki biyu zuwa uku na wanda ba ya samun komai. Amma cikin shekara biyu zuwa uku sai suka lura da abin da ba shi suka nufa ba: tsirran da ke kan fulotai sun fara bambanta, kamar ba daga fili ɗaya aka yanko su ba. A yau fulotin da bai taɓa ganin taki ba yana ɗauke da nau'in tsirrai 35 zuwa 45. Wanda ke samun fosfaras da fotashiyam ba tare da naitirojin ba, dangin wake ne suka yi kane-kane a cikinsa. Inda aka zuba naitirojin, dogayen ciyayi suka rufe komai, dangin wake suka ja baya. Inda kuwa aka daɗe ana zuba amoniyam salfet mai yawa ba a sa farar ƙasa ba, tsamin ƙasa ya ƙaru har ma'aunin pH ya sauko zuwa wajen 3.5, tsirrai biyu ko uku kacal suka rage, kuma mataccen ganye ya taru a saman ƙasa kamar tabarma domin tana da sauran halittun da ke ruɓar da shi sun gudu. Mai ziyara yakan ga iyakar fuloti da fuloti a miƙe, furanni iri-iri a wannan gefe, ciyawa iri ɗaya a wancan, alhali tazarar taku ɗaya ce.

Dalilin wannan sauyi biyu ne, kuma raba su yana da muhimmanci. Na farko tsamin ƙasa. Tun 1903 aka fara zuba farar ƙasa a rabin yawancin fulotan, a 1965 kuma aka sake raba su gida huɗu, uku ana riƙe su a pH 7 da 6 da 5, na huɗun an bar shi yadda yake. Wannan rabo ya nuna cewa farar ƙasa tana dawo da tsirrai da dama, amma ba ta dawo da su duka ba. Saura dalili na biyu, wato inuwa. Ciyawar da ta sha naitirojin tana saurin tashi ta tare wa gajerun tsirrai hasken rana. Hautier da Niklaus da Hector sun tabbatar da haka a 2009, lokacin da suka kunna fitila a ƙarƙashin ciyawar da aka yi wa taki, sai gajerun tsirran suka daina ɓacewa. Dangin wake suna da ƙululu a saiwarsu inda bakteriya ke kamo naitirojin daga iska, kuma wannan ne fifikonsu a ƙasa maras ƙarfi. Da zarar an kawo naitirojin a buhu, fifikon ya tafi, ciyawa ta danne su.

Akwai labari mai daɗi a nan. Tun wajen 1989 aka daina zuba naitirojin a wani ɓangare na wasu fulotan, kuma Storkey da abokan aikinsa sun ruwaito a 2015 cewa tsirrai sun farfaɗo, dangin wake sun dawo, in ban da inda tsami ya yi wa ƙasa katutu. Ke nan ɓarnar inuwa tana warkewa idan aka janye taki, ta tsami ce mai wuyar magani.

Dole a yi hattara wajen ɗauko wannan sakamako. Park Grass yanka ake yi, dabba ba ta kiwo a kai, ƙasar tana da laka, kuma yanayin na sanyi ne. Alƙalumansa ba za su zauna daidai a Zariya ko Maraɗi ba. Abin da za a iya ɗauka shi ne yadda al'amarin ke aiki.

Yawa da inganci

Ana gane furotin ɗin ciyawa ta hanyar auna naitirojin ɗinta a ninka da 6.25. Idan ya gaza kashi 7 cikin 100 na busasshen nauyi, ƙananan halittun da ke tumbin saniya ba sa samun abin da za su narkar da ciyawar da shi, sai ta daɗe a ciki, saniya ta rage ci ko da ciyawa ta kai mata ƙirji. A yankinmu gamba da kyasuwa suna wuce wannan mataki a farkon damina, amma suna fara kara da fure sai furotin ya zube, kafin tsakiyar rani ya koma kashi 2 zuwa 3. Ramar da shanu ke yi a bazara daga nan take.

Zuba naitirojin yana ɗaga furotin a ɗanyen ganye, wannan babu gardama. Matsalar ita ce ciyawar ƙasashen zafi tana da ƙwazon juya ɗan naitirojin zuwa kara mai yawa, don haka kaso mafi girma na takin yakan tafi wajen ƙara tsawo. An yi nazarin naitirojin a kan gamba a Shika, kusa da Zariya, inda cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa take, kuma R. J. Haggar ya wallafa aikinsa a kan haka a 1975. Abin da mai kiwo ya kamata ya riƙe shi ne cewa lokacin yanka ya fi yawan taki tasiri a kan furotin. Wanda ya zuba yuriya a watan Yuni ya bar gamba tsaye har Disamba, ya sayi kara da tsada. Ribar takin tana hannun wanda zai yanka kafin fure ya adana, kuma shanya ciyawa a tsakiyar marka aiki ne da ba kowa ke da halinsa ba.

Binciken da aka yi a Mali ya fito da wannan batu fili. Penning de Vries da Djitèye a littafinsu na 1982, da Breman da de Wit a mujallar Science a 1983, sun nuna cewa a kudancin Sahel ƙarancin naitirojin da fosfaras ya fi ƙarancin ruwa tauye ciyawa, kuma ruwa ba ya zama babban cikas sai a can arewa inda ruwan shekara ya gaza kimanin milimita 300. Sun kuma nuna cewa ciyawar arewa kaɗan ce amma mai furotin, ta kudu mai yawa ce amma naitirojin ɗinta ya tsinke a cikin kara. Makiyayan da ke kora shanu arewa da damina su dawo kudu da rani sun daɗe da sanin haka a aikace, kuma ya kamata masu tsara manufofin kiwo su daina ɗaukar wannan tafiya a matsayin rashin tsari.

Naitirojin mai yawa yana da haɗari ga dabba kai tsaye. Idan aka zuba shi sannan fari ko hadari mai tsawo ya tsayar da girma, naitiret yakan taru a gindin kara. A tumbi ya koma naitirait, ya shiga jini ya hana shi ɗaukar iska, dabba ta yi ta haki ta faɗi, jininta ya yi duhu. Haka kuma yana ƙara gubar da ke cikin gyauron dawa, wadda makiyaya suka sani sarai.

Fotashiyam kuwa ciyawa tana zuƙarsa fiye da buƙatarta idan ta same shi a wadace, kuma yawansa yana hana magnisiyam shiga jikin dabba. Kemp da 't Hart sun nuna a Holan a 1957 cewa idan fotashiyam ya ninka jimillar kalsiyam da magnisiyam fiye da sau 2.2, shanu masu shayarwa suna shiga haɗarin ciwon sanƙarewa da karkarwa. Wannan ciwo ya fi yawa a ƙasashen sanyi. A wajenmu damuwar ta fi karkata ga mai yanka ciyawa yana kai wa turke, domin kowane tan na busasshiyar ciyawa yana fita da kusan kilo 20 na fotashiyam, kuma idan kashin dabbobin bai koma filin ba, ɗan fotashiyam ɗin da ƙurar hunturu ke kawowa ba zai biya bashin ba.

Fosfaras shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali yawancin ƙasar jigawa a Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar tana fama da ƙarancinsa. Arnold Theiler ya gano a Afirka ta Kudu, wajen 1920, cewa shanun da ke kiwo a ƙasa maras fosfaras suna tauna ƙasusuwan mushe, daga nan su kwashi gubar da ke kashe su, kuma garin ƙashi ya magance matsalar. Saniyar da ke tauna ƙashi ko itace tana ba da labarin ƙasar da take kiwo a kai. Kanwar da ake ba shanu tana ba su sodiyam, ba ta ba su fosfaras.

Ƙasa da ruwa da iska

Tsamin da ya bayyana a Park Grass ya bayyana a Samaru ta Zariya ma. Tun 1950 aka kafa gwajin dogon zango a can mai gwada takin shanu da naitirojin da fosfaras da fotashiyam, kuma Bache da Heathcote sun ruwaito a 1969 cewa amoniyam salfet yana ƙara wa ƙasa tsami, takin shanu kuma yana rage shi. Gonar amfani ce ba filin kiwo ba, amma ƙasar ɗaya ce. Tana da yashi, ruɓaɓɓen ganye ya yi mata kaɗan, don haka ba ta da juriyar ƙasar Rothamsted, abin da ya ɗauki shekaru masu yawa a can zai iya zuwa da wuri a nan. Yuriya ba ta kai amoniyam salfet tsami ba, domin shi ya ninka ta sau biyu zuwa uku a kan kowane kilo na naitirojin, amma ita ma tana tsamar da ƙasa. Kuma farar ƙasar noma ba abu ne da ake samu a kowace kasuwar ƙauye ba.

Dabba ba ta riƙe naitirojin ɗin da ta ci sai kaɗan. Kashi 75 zuwa 90 cikin 100 yana komowa ta kashi da fitsari, kuma fitsarin yana sauka a ɗan wuri, inda ƙarfinsa ke kai ɗaruruwan kilo a lissafin hekta. Duk wanda ya ga tsohon mashekari da damina ya san tumbin ciyawa mai duhun kore da ke tashi nan da can. Abin da saiwa ba ta iya ɗauka ba, ruwan sama ya wanke shi zuwa ƙasa. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta kafa dokar naitiret a 1991, ta sa iyakar miligiram 50 a kowace lita ta ruwa, ta kuma taƙaita takin dabbobi a kan kilo 170 na naitirojin a hekta a yankunan da ke cikin haɗari. A Holan, hukuncin babbar kotun gudanarwa na Mayun 2019 a kan naitirojin ya tsayar da dubban ayyuka, ya kuma jawo zanga-zangar manoma. Mu ba mu kai nan ba, matsalarmu a yawancin wurare ƙarancin taki ce. Sai dai gonar madara da ta tara shanu da yawa a fadama, inda ruwa ke kusa kuma rijiyoyin jama'a gajeru ne, tana iya haifar da irin wannan matsala a ƙaramin wuri.

Ta fuskar iska, yuriyar da aka watsa a kan ƙasa mai zafi ba a rufe ba tana tashi a matsayin amoniya, kuma a filin ciyawa ba a iya turbuɗe ta yadda ake yi a gindin masara. Akwai kuma naitiros oksaid. Ƙiyasin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi na 2006 shi ne kashi 1 cikin 100 na naitirojin ɗin da aka zuba yana fita ta wannan iska, wadda ƙarfinta na ɗumama duniya ya ninka na kabon dayoksaid sau 273 a tsawon shekara 100. A wannan lissafi, kilo 100 na naitirojin yana daidai da kimanin kilo 430 na kabon dayoksaid, ban da makamashin da aka ƙona wajen sarrafa takin. Fosfaras ba ya tashi sama, haɗarinsa yana cikin zaizayar ƙasa, idan ya isa tafki ya ciyar da gansakuka har kifi ya rasa iska. Fili mai rufin ciyawa yana rage wannan sosai.

Rumbun ciyawa na Kaduna

A farkon shekarun 1980, cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ƙasa mai suna ILCA, wadda daga baya ta narke cikin ILRI, ta gwada wani tsari tare da Fulani mazauna Kurmin Biri da Abet a kudancin Kaduna. Ana killace kimanin hekta 4 kusa da ruga. A farkon damina a kwanar da shanu a wurin su tattake ƙasa su yi mata taki, a jiƙa irin Stylosanthes a ruwan zafi domin ɓawonsa ya yi laushi, a watsa shi tare da takin sufa. Da rani kuma a riƙa sakin shanu masu ciki da masu shayarwa su yi awa biyu zuwa uku a ciki kowace rana. Stylosanthes dangin wake ne, kuma ko ya bushe furotin ɗinsa ya fi na ciyawar daji nesa ba kusa ba. Takin sufa ya dace da shi ta fuska uku, domin bayan fosfaras yana ɗauke da salfa da kalsiyam.

Wannan shi ne fulotin fosfaras na Park Grass a ƙasar zafi, kuma ya gamu da ƙalubale iri ɗaya. Bayan 'yan shekaru Stylosanthes ya tara naitirojin a ƙasa, sai ciyayi masu son naitirojin suka shigo suka fara yi masa inuwa. Maganin da aka bi shi ne a saki shanu a farkon damina su cinye ciyawar kafin ta yi tsawo, ko a noma hatsi a wurin ya zuƙe naitirojin ɗin. Wasu matsalolin ba na taki ba ne: cutar ganye ta lalata Stylosanthes nau'in guianensis har aka koma ga hamata, kuɗin waya da gobarar rani sun karya gwiwar wasu, kuma makiyayin da ba shi da tabbacin mallakar fili ba zai kashe kuɗi a kansa ba. Tsarin bai yaɗu yadda aka yi fata ba, amma tushensa na kimiyya yana nan daram, kuma abin takaici ne a ce ana maganar shuka ciyawa a yau ba a waiwayarsa.

A ganin wannan nazari, naitirojin na buhu yana da muhalli a ƙaramin fili mai ban ruwa, inda ake yanka akai-akai a ba shanun madara, a raba takin kashi-kashi bayan kowane yanka, a kuma mayar da kashin dabbobi. A faffaɗan fili mai dogaro da damina kuwa, kuɗin ya fi amfani idan ya tafi kan fosfaras da irin dangin wake. Akwai dutsen fosfat a Tawa ta Nijar da Sakkwato da kwarin Tilemsi na Mali, kuma yana narkewa ne a hankali, ko da yake ya fi narkewa a ƙasa mai ɗan tsami, abin da ya fi dacewa da tsiron da zai shekara a fili fiye da masarar wata uku. Gwajin da ya kamata cibiyoyin Shika da Samaru su kafa shi ne wanda zai gwada wannan dutse da takin sufa a ƙarƙashin gamba haɗe da Stylosanthes, rabi ana yanka rabi ana kiwo, a riƙa auna pH da nauyi da furotin da rabon dangin wake kowace shekara, a kuma ware masa kuɗin da zai riƙe shi aƙalla shekara 20.